Keken Ɗinkin Madam

Ban isa ɗaukar tulu ba lokacin da muka bar ƙauyenmu na wajen Tajaye muka koma Malbaza. Gonar Baba ta yi ta ƙin cika rumbu, sai ga labari an buɗe kamfanin siminti, ana ɗaukar leburori. Ya fara tafiya shi kaɗai kamar mai cin rani. Da ya ga aikin ya zauna, sai ya dawo ya kwashe mu, ni da Inna da ƙanena da ke goye. Abin da na riƙe na tafiyar shi ne turmin Inna da aka ɗaure a bayan mota, da ita kanta tana ta waiwaye kada ya faɗi.

A ƙauye duk wanda na sani danginmu ne, ko na jini ko na aure. Fulani kan sauka a gonakinmu bayan girbi, amma su ma mun san su, iyayensu sun sauka a gonakin iyayenmu. Gidan da Baba ya kama mana a Malbaza kuwa na haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, kuma kowace ƙofa da harshenta. Dama da mu akwai wani Bazabarme makaniki da matarsa da ɗiyarsu, sa'ata. Kusa da zaure akwai Buzu mai gadi da matarsa, doguwa, mai baƙin lulluɓi da ke bar mata shuni a fata. Can ƙurya kuma wani mai gyaran wutar lantarki ne, mutumin Togo, da matarsa da kowa ke kira Madam. Kiristoci ne, kuma Allah bai ba su haihuwa ba.

Inna ta sha wuya a farkon zaman. Takan jira sai tsakar gida ta yi shiru sannan ta fito daka. Na ji ta wata safiya tana ce wa Baba, "Malam, wanga gida ne ko kasuwa? In na yi sallama ban san da mi za a amsa mini ba."

Baba ya ce, "Ki yi ta sallamarki, kowa ya san sallama."

Wani abin da ya ƙara tsorata ta shi ne Bazabarme da Buzu. Kullum suka haɗu a zaure sai ɗaya ya ce wa ɗaya bawansa ne, wancan ya ce ƙarya ne, shi ya saye shi, murya ta yi sama. Ranar farko Inna ta fizge ni ta rufe ƙofa, tana jiran a zare takobi. Sai da Baba ya dawo ya yi dariya har da hawaye, ya ce abokan wasa ne, haka suka gada, in ma ka ga sun gaisa da ladabi to ɗayansu ba shi da lafiya.

Ni kam ban sha wata wuya ba. Ɗiyar Bazabarme ba ta jin Hausa, ni ba na jin Zabarmanci, amma muna da gwangwanaye da ƙasa da ganyen da muke kira miya. A wurin wasan na ji tana ce wa ruwa hari, tana cewa fofo in an ba ta abu, ni ma na kama faɗi. Kafin damina ta zagayo muna faɗa da juna da harsuna biyu, kowa ta ɗauki wanda zaginsa ya fi zafi.

Abin da ya ɗauke mini hankali a gidan shi ne keken ɗinkin Madam. Baƙi ne, da zanen furanni masu ruwan zinariya a wuyansa, ana taka shi da ƙafa. Na taɓa ganin irinsa a kasuwar Illela, amma maza ne a kai, kuma ban taɓa kawowa a raina mace na iya hawa ba. Madam kan fito da shi ƙarƙashin rumfar ƙofarta da hantsi, ta rataya igiyar awo a wuya, ta cika baki da allurai. Matan ma'aikata na zuwa da atamfofinsu, su zauna a tabarma suna jiranta. Ba ta tambayar kowa kafin ta sayi gishiri ko sabulu. Nakan tsaya jikin bango ina kallon yadda ƙyalle ke shiga ta nan ya fita ta can ya zama hannun riga.

Inna ta kafa mini doka. Ta ce, "Ki kalla daga nesa. Kada ki ci abincinta, kada ki sha ruwan randarta."

Na bi dokar, ko da yake miyar Madam ta busasshen kifi da barkono kan cika gidan da ƙamshin da ke sa yawuna tsinkewa.

Azumi ne ya fara sassauta abin. Ranar da aka ɗauka, ba wanda ya ce mata komai, Madam ta kwashe murhunta ta kai bayan ɗaki, inda hayaƙi ke bi ta kan katanga ya fita waje. Ko ruwa ba ta sha a tsakar gida da rana. Inna na gani har azumi ya yi nisa. Wata la'asar tana dama kunu sai na ji ta ce, kamar da ludayin take magana, "Matar ga ta san ya kamata." Da aka kira sallah ta zuba kunu a ƙaramar ƙwarya ta miƙo mini.

"Kai wa Madam."

Na ce, "Inna, ai ba azumi take ba."

"Na tambaye ki?"

Ana saura ƴan kwanaki Sallah, Madam ta yafito ni. Hausarta ba ta bambanta mace da namiji, kowa kai ne a wurinta. Ta ce, "Kai yarinya, zo, tsaya nan." Ta auna kafaɗata da tsawona, ta sallame ni. Ran jajibiri ta kawo wa Inna riga a naɗe. Da guntayen atamfofin da suka rage mata ta haɗa ta, launi daban-daban, hannayen a kumbure, da igiya da ake ɗaurewa a baya, irin ta ƴan matan ƙasarsu. Inna ta juya ta gaba da baya. Na san abin da take so in sa shi ne zane da kallabi kamar kowace ɗiyar Musulmi, amma ta dubi fuskata, ta dubi Madam da ke tsaye tana murza hannu, ta ce, "An gode, Allah shi saka." Na sa rigar na ɗaura kallabi a kai, na yi yawon Sallah da ita har ƙafafuna suka yi ciwo.

Bayan girbin shekarar Baba ya kai mu ƙauye gaida dangi. Da rigar na sauka, ina ji da kaina. Ƴaƴan baffannina suka kewaye ni suna jan hannayen rigar, wani ya ce ga ɗiyar bariki ta zo. Na daure. Can ƙishirwa ta kama ni, na je wurin randa, bakina ya suɓuce na ce a ba ni hari. Gidan ya ɗauki dariya. Wata gwaggona ta tafa hannu ta ce, "To ga shi nan. An tahi da ɗiya, an maido ta ba Bahausa ba, ba Bazabarma ba."

Na gudu bayan rumbu na yi ta kuka. Kakata, uwar Baba, tana zaune a inuwar rumbun tana kaɗi, ban ma lura da ita ba. Ta bar ni sai da na gaji, sannan ta aje mazarinta ta ce in matso. Ta kama gefen rigar ta juyo cikinta, ta kai kusa da ido, ta ja ɗinkin da ƙarfi ta ga bai motsa ba.

"Wa ya yi wagga?"

"Madam."

"Mace?"

"Mace, Kaka."

"Tana sallah?"

Na ce a'a. Ta bi ɗinkin da babban yatsa har zuwa hammata, sannan ta ce, "Ba ta yi maki ha'inci ba, ko inda ido ba ya kaiwa." Na ɗauka za ta tashi ta tsawata wa masu yi mini dariya. Sai ta ce, "Amma tuɓe ta ki ɗaura zane har ku koma. Nan ba a saba ba."

Na tuɓe, na ɗaura zane, kwana kaɗan aka manta da zancen, muka ci gaba da wasa. Ni ce ban manta ba. A ƙauyen da aka binne cibiyata na kwanta ina kewar gidan haya, ina son in ji faɗan Buzu da Bazabarme. Da muka koma Malbaza kuma, inda ake ce mini ɗiyar Ba'adare, sunan mutanen yankin ƙauyenmu, sai na dinga tuna inuwar rumbun Kaka. Na daɗe ina jin kamar laifi ne mutum ya so wuri biyu. Ban gaya wa kowa ba, don ban san yadda ake faɗinsa ba.

An sa mu lakwal, wato makarantar boko, tare da ɗiyar Bazabarme, da yamma kuma mu je makarantar allo. Ita kanta ya zauna a karatun, tun muna ƙanana take cewa malamar lakwal za ta zama, ta tara mu ta riƙe tsumagiya tana kwaikwayon mushe, wato malamin ajinmu. Ni na yi ƴan shekaru na bari, hankalina na rumfar Madam. Ƙanena da ya tasa ya liƙe wa makaniki, kullum hannunsa baƙi da mai. Yanzu in na duba baya, abin da gidan nan ya yi mana ke nan. A ƙauye yarinya ta san abin da za ta zama tun tana goye, ta dubi uwarta kawai. Mu kuwa mun tashi muna ganin rayuwa iri-iri a tsakar gida ɗaya, kowa ya ga wadda zuciyarsa ta kwanta da ita.

Madam ba ta ɗora ni a keke da wuri ba. Na daɗe ina hura gawayin dutsen guga, ina ɗinka maɓalli, ina kalmasa bakin zane da hannu. In ɗinkina ya karkace sai ta warware shi duka ba tare da ta ɗaga murya ba, ta miƙo mini ta ce, "Sake." Da ta yarda na hau keken, ba ƙyalle ta ba ni ba, takardar buhun siminti ce, wadda ba ta yankewa a garin. Ta zana layuka a kai, in bi su da allura ba zare, har ƙafata ta saba da hannuna. Daga baya ta koya mini yanka riga a takardar, in ɗinka ta kamar ta gaske. Ɗakinmu ya cika da rigunan takarda, Inna na kunna wuta da waɗanda suka lalace.

Duk wannan Baba bai ɗauke shi komai ba, yana ganin wasan yara ne. Sai wata rana ya dawo aiki da wuri ya tarar da ni a kan keke ina ɗinka zanen matar wani, Madam na can tana wanki. Ya tsaya ya dube ni, ya wuce ɗaki. Da ya ci abinci ya kira mu ni da Inna.

Ya ce, "Ɗinki aikin maza ne. Ina kunka taɓa ganin ɗiyar mutunci zamne kan keke? Kuma mutane na magana. Wai na ɗauki ɗiyata na ba Kirista."

Inna ta ce, "Su wa ke maganar?"

"Mutane."

Ya hana ni zuwa rumfar. Na yi kwanaki ina jin ƙarar keken daga ɗakinmu, ina tsinke zaren bakin zanena don haushi. Madam ba ta zo roƙo ba. In mun haɗu wurin ɗibar ruwa sai ta ce, "Babanka ne, ka bi maganarsa."

Baba mutum ne da ba ya son ya yanke hukunci ransa bai kwanta ba. Ran Juma'a ya kai maganar wurin tsohon malamin da ke ba su sallah. Da ya dawo ya zauna a bakin ƙofa yana cire takalmi, ya ce, "Malam ya ce in tambaya, matar ga ta taɓa hana ta sallah?"

Inna ta ce, "Hana ta? Ita ka korar ta daga kan keke in an kira azahar. Ni kaina wani lokaci a bakinta nake jin lokaci ya yi."

Baba ya tashi. Ya shiga ɗaki ya fito da wandon aikinsa, wanda siminti ya cinye gwiwoyinsa, ya jefo mini. Ya ce, "In kin iya, ga wanga. Amma cikin gida. Ban yarda in gan ki kasuwa ba." Na yi masa faci biyu, na ninka ɗinkin. Bai yaba ba, bai kushe ba, washegari ya sa shi ya tafi aiki.

Na zama budurwa a shekarun da ruwa ya ɗauke. Hatsi ya yi wuya, daga ƙauye ma ana aikowa a taimaka. Mutanen arewa suka fara gangarowa, waɗanda dabbobinsu suka ƙare. Wata rana da azahar sai ga dangin Buzuwar gidanmu a zaure, uwarta tsohuwa da ƙannenta mata da ƴaƴansu, ba raƙumi ba akuya, sai ƴan ƙulle-ƙulle a ka. Buzuwa ta rungume uwarta, ba wadda ta yi kuka da murya. Ɗakinsu bai ɗauke su ba, aka kafa musu rumfar tabarmi a tsakar gida. Ba a yi shawara ba, amma daga ranar kowace mace in ta sauke tukunya sai ta zuba wani abu a kwano ta aika rumfar. Namu tuwon ya ragu, na kowa ma haka.

Tsohuwar ba ta iya cin tuwo sosai, cikinta da nono ya saba. Inna kan tare Bafillatar da ke kawo nono, in an samu, ta dama mata hura mai ruwa-ruwa. Yawancin yini tana jingine kusa da keken tana kallonmu, don mun shiga yi wa yaran faci, tufafinsu duk sun yage. Ni da ita ba mu da harshe ɗaya sai ƴan kalmomi, na san aman shi ne ruwa, na san gaisuwa. Amma ta san allura. Duk rayuwarta tana ɗinka fata, jakunkuna da matasai. In ta ga ɗinkin hannuna sai ta yi dariya ba haƙori, ta karɓa ta nuna mini yadda ake komawa baya da allura don kada ya warware. Yatsunta sun bushe kamar kara, amma ba sa rawa.

Wata rana da hantsi tsohuwar ta rasu, a rumfar, kanta a cinyar ɗiyarta. Maza duk suna wurin aiki sai Buzu, shi kuma ya fita neman malam da masu haƙa. Mata suka tsaya cirko-cirko, don babu farin ƙyalle a hannun kowa, kuma ba ranar kasuwa ba ce. Madam ta shiga ɗaki, muka ji tana jan akwati. Ta fito da farin yadi sabo, wanda na san ta aje shi ne don rigar zuwa coci, ta miƙa wa Inna da hannu biyu. Sannan ta juyo wurina.

Ta ce, "Kai za ka ɗinka. Ni ban san hanyarku ba. Uwarsu ce, a bar hannun mai sallah ya yi."

Na ce, "Madam, ban taɓa yi ba."

"Mamanka ya sani. Zauna."

A ƙauyenmu maza ke ɗinka likkafani a ƙofar gida, amma Inna ta sha gani. Na yi alwala, muka shimfiɗa tabarma mai tsabta, ta nuna mini inda za a yaga da inda za a haɗa. Da hannu na yi, ba ado, ba kalmasa. Matar Bazabarme na ɗora ruwan wanka, ƙannen Buzuwa na zaune sun rufe fuska, Madam na tsaye a ƙofar ɗakinta, ba ta matso ba, ba ta kuma shiga ciki ba. Da maza suka ɗauki gawar, ta lulluɓe kekenta da zane, ba ta buɗe shi ba har aka yi sadakar uku.

Kafin ranar, abin da nake so a ɗinki shi ne kwalliya, da a ce ni na yi. A kan tabarmar nan na gane mutum na bukatar mai allura tun ranar sunansa har ranar da za a kai shi, kowane harshe yake ji. Daga nan ban sake tunanin wata sana'a ba.

Ba a daɗe ba saƙo ya zo wa mijin Madam cewa mahaifinsa ya rasu, shi ne babba, dole ya koma ya riƙe gida. Suna cikin haɗa kaya, wata la'asar suka zo wurin Baba su biyu, suka roƙi makaniki ya zauna ya gyara musu Hausa inda ta gaza. Ina bayan ƙofa ina ji. Madam ta ce a ba ta ni in bi su, in ƙarasa koyo a babban shago a garinsu, in samu takardar shaida, ta maido ni da kanta. Ta ce akwai Hausawa a can da masallacinsu, ba abin da zai taɓa addinina. Ta ce ba ta da ɗa, ni take gani.

Baba ya dube ta. Ya ce, "Madam, ba ni da bakin gode maki. Kin riƙe ta kamar ke kin haife ta. Amma nisan ya yi yawa, kuma ta girma. In wani abu ya same ta can, mi zan ce wa uwata?"

Madam ta ce ta gane. Ta tashi tana share ido da bakin zane.

Ni ban gane ba a lokacin. Ina son in tafi, ina son in ga tekun da take ba ni labari, da shagon da keke ya cika shi. Na ƙi cin abinci, na ƙi yi wa Baba magana. Inna ta same ni a ɗaki ta zauna kusa da ni, ta ce, "Da ni ce ke, da na so tahiya. Ba zan ɓoye maki ba. Amma ni ba ni iya ba da ke, ko shi ya yarda." Ban taɓa jin ta yi mini magana kamar babba ba sai ran nan. Har yau in na zauna ina lissafin rayuwata, ban san ko da na tafi da ya fi mini ba. Wani lokaci in ce Baba ya yi daidai, wani lokaci in ji tsohon haushin ya motsa.

Da kekenta Madam ta tafi, da shi take ci. Ta bar mini almakashinta da igiyar awo. Gidan duka ya raka su bakin hanya. Inna ta ƙulla mata dawo da soyayyar gyaɗa na hanya, suka riƙe hannun juna har mota ta tsaya. Ban sake jin labarinta ba. Ba mu iya rubutu sosai ba, mu da ita, kuma ba wanda ya yi tunanin karɓar adireshi.

Na ci gaba da ɗinkin hannu, faci da rigunan jarirai. Ɗiyar Bazabarme ta ci jarrabawa aka kai ta makarantar kwana, daga baya ta zama malamar da take faɗi. Ni kuma wani direba da ke ɗaukar siminti zuwa Ƙonni ya fara tsayawa a zaurenmu fiye da yadda aikinsa ke bukata. Da magana ta yi nisa na ce masa, "Ni fa ɗinki zan yi a gidanka. In ba ka so, ka faɗa tun yanzu." Ya yi dariya ya ce shi da ke yawo ƙasa-ƙasa ya ga mata teloli da yawa, ba su cinye kowa ba. Bayan aurenmu da kamar shekara ya shigo mini da keke na hannu daga tsallaken iyaka, ya sha aiki amma yana tafiya.

A Ƙonni, inda na tare a gidansa, na ga amfanin tashin da na yi. Gari ne na kan iyaka, ranar kasuwa ba irin mutumin da ba ya shigowa. Wasu matan unguwarmu in baƙuwa ta yi sallama da harshen da ba su sani ba sai su daburce, su tura yaro ya ce ba kowa. Ni abin bai taɓa ba ni tsoro ba. Bahausa ce ni, Ba'adara, a nan ba ni da shakka, amma barkonon miyata ya fi na dangina, kuma in na ji ana Zabarmanci a hanya sai na tsaya na gaisa. Na daina ganin wannan a matsayin abin da zan ɓoye ko in ba da haƙuri a kansa.

Cikin waɗanda suka fara kawo mini aiki akwai wata Bafillata daga daji, ta sayar da nononta ta sayi baƙin yadi, wani ya nuna mata gidana. Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba, ni kuma Fillancina bai wuce gaisuwa ba. Na shimfiɗa mata tabarma, na ba ta ruwa. Ta nuna cikinta da ya fara tasowa, ta nuna rigar jikinta da ta matse ta, ta buɗe hannuwa. Na zana mata riga a ƙasa da tsinke, ta goge hannun da tafin ƙafa ta zana gajere, ta ɗiga ɗige-ɗige a wuyan, na gane ado take so da jan zare. Muka yi ta dariya muna gyara zanen har ya yi mata.

Kasuwa ta zagayo ta dawo karɓa. Ta sa rigar a kan ta jikinta, ta juya, ta shafa wuyan. Ta ɗauko ƙwaryar man shanu daga cikin kayanta ta aje mini ban da ladan aikin, ta nuna kanta, ta ɗaga yatsa ta nuna wata ƙarama da ita, wato ƙanwarta na nan tafe. Na raka ta ƙofa, na dawo na tarar da ɗana na fari, da ya fara rarrafe, ya sa hannu a man har gwiwar hannu.